Kariya da Kaktus: Labarin Tukwane Biyu a Wani Gidan Hausawa na Jazirar Sudan

 Ƴan'uwa masu karatu, iyayenmu mata da maza, yau zancenmu a kan shukar ado ne, wato irin wadda ake rainonta a tukunya cikin gida. Wani zai ce wannan ƙaramin abu ne, musamman idan ya ji cewa labarin daga Sudan ya fito, ƙasar da mutanenta ke da damuwar da ta fi fure. To amma a yi mini haƙuri a ji dalili.

A watan Maris na 2025 wani hoto ya shigo wayata daga wani ƙauyen Hausawa da ke kudu da Wad Madani. Gwaggona ce, ɗiyar ƙanen kakana, ta sa jikarta ta aiko mini da shi. Tsakar gidansu ce a hoton: rumfa ta faɗi, ƙyauren ɗaki babu, randuna sun farfashe. Sai dai a kusurwar katanga ga wata tsohuwar tukunya, cikinta gajeriyar itaciya mai kumburarren gindi, ba ganye ko ɗaya a jikinta, amma ta cika maƙil da fure ja mai farin ciki. Saƙon muryar da ya biyo baya gajere ne. Ta ce: "Ɗana, mun dawo gida. Ba mu tarar da komai da rai ba sai kariya."

Tukwane biyu na sani a gidan nan, domin na gan su da idona lokacin da na kai ziyara a Janairun 2022. Ɗaya ta kariya ce, ɗaya kuma ta wata baƙuwar shuka da Faransawa ke kira cactus de Noël, wato kaktus na Kirsimeti. Abin da ya sami kowaccensu ya ishe mu darasi game da zaɓen shuka da kula da ita a ƙasashenmu masu zafi.

Ƴan'uwanmu na bakin Shuɗin Nilu

Sanin kowa ne cewa hanyar Makka ta ƙasa ce ta kai Hausawa da Fulani da Barebari Sudan. Bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya yi shahada, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da tafiya gabas da sauran jama'a, har suka kafa garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu, kudu da Sinnar kaɗan. Da aka kammala madatsar ruwa ta Sinnar a 1925, aka buɗe babbar gonar auduga ta Jazira tsakanin Farin Nilu da Shuɗin Nilu, sai mahajjata da dama suka tsaya aikin gona don su tara guzuri. Wasu sun ƙarasa Makka sun dawo nan suka zauna, wasu kuma nan tafiyar ta tsaya. Ƙanen kakana yana cikinsu. Yau gonar Jazira da reshenta na Manaƙil sun haura feddan miliyan 2, kuma ƙauyukan Hausawa suna nan daga wajen Wad Madani har Sinja da Damazin da Rusairis.

Waɗannan ƙauyuka sun sha wuya a shekarun nan. A watannin Yuli da Oktoba na 2022 an yi rikicin ƙabilanci a jihar Shuɗin Nilu wanda ya ci ɗaruruwan rayuka. A Afrilun 2023 babban yaƙi ya ɓarke a Khartum, ya iso Wad Madani a Disambar shekarar, ya kai Sinja a tsakiyar 2024. Bayan isowarsa Wad Madani ne gwaggona da iyalinta suka bar gida suka nufi Gadarif, ba su dawo ba sai bayan wata goma sha huɗu.

Abin da ya sa labarin shukarsu ya shafe mu kai tsaye shi ne, Sinnar da Maraɗi da Yamai kusan layi ɗaya suke a taswirar duniya. Tsawon yini da dare ɗaya ne a wurinmu da su, bazararsu kan wuce digiri 40 kamar tamu, hunturunsu ma a Disamba da Janairu yake. Duk abin da ya yi a tsakar gidan Jazira zai yi a tamu, abin da ya ƙi can kuwa da wuya ya karɓa a nan.

Baƙon da ya zo daga dutsen Birazil

Jikar gwaggona ce ta sayo kaktus ɗin a wajen masu sayar da dashe a Khartum, don ta gan shi cike da fure. Na farko ya mutu cikin mako uku, na biyu bai kai wata biyu ba, na uku ne ya rayu. Kuskurenta na farko shi ne kuskuren kusan kowa: ta ji an ce kaktus, sai ta ɗauka ɗan hamada ne, ta dasa shi a ƙasar gona ta ajiye shi a rana.

Alhali wannan shuka ba ta san hamada ba. Asalinta duwatsun kudu maso gabashin Birazil ne, wajen Riyo da San Paulo, inda daji yake da duhuwa da sanyi da raɓa. Can ma ba a ƙasa take tsirowa ba, a kan rassan manyan itatuwa da tsagar duwatsu take maƙalewa, kamar yadda muke ganin kauci a kan itace, sai dai ita ba ta tsotsar itacen da ta hau. Abin da muke ɗauka ganye ne a jikinta, ba ganye ba ne, reshe ne mai faɗi da ya zo gaɓa-gaɓa, kuma a ƙarshen gaɓar fure ke fitowa. Masanin tsirrai Charles Lemaire ne ya raɗa mata suna Schlumbergera a 1858, don girmama wani Bafaranshe mai tara irin waɗannan tsirrai, Frédéric Schlumberger. Sunan Kirsimeti kuwa lokacin furenta a Turai kawai yake nufi. A Birazil, inda sanyi ke shigowa a tsakiyar shekara, furen watan Mayu ake ce mata.

Wanda ya fahimci asalinta ya fahimci rabin kulawarta. Tana son haske amma ba ta son rana ta taɓa ta. Idan gaɓoɓinta suka fara yin ja, rana ta yi mata yawa. A gidan gwaggona wurin da ya karɓe ta shi ne ƙarƙashin rumfa, kusa da randunan ruwan sha, waɗanda mutanen Sudan ke kira zir. Randa na zufa tana ɗiga, ƙasan wurin kullum da danshi, iska kuma ta fi sanyi. A can ta yi bazara uku. Duk mai son gwada ta a gidajenmu, gindin randa ko tulu ya fara dubawa.

Ƙasar tukunyarta ta zama mai sakin ruwa: kashi ɗaya ruɓaɓɓen ganye ko tsohon taki da ya zama gari, kashi ɗaya yashi mai tsakuwa, kashi ɗaya dakakken gawayi. Tukunyar ta zama ta yumɓu, mai huji a gindi, kuma ƙarama, domin wannan shuka ta fi yin fure idan saiwarta ta ɗan matsu. Ba a ba ta ruwa da ƙidayar kwanaki. A sa yatsa cikin ƙasar, idan gaɓa ɗaya ta yatsa ta ji bushewa, a zuba ruwa har ya fito ta ƙasa, a zubar da wanda ya taru. Kaktus na biyu ruwan kullum ne ya kashe shi. Abin da ke ruɗar mutane shi ne, idan saiwa ta ruɓe gaɓoɓi sukan yanƙwane tamkar masu jin ƙishi, sai mai shuka ya ƙara ruwa, ya ƙarasa ta da hannunsa.

Fure kuwa yana da sharaɗi biyu: dogon dare da sanyi. Tana bukatar duhu na awa 12 zuwa 14 kowace rana, ba tare da yankewa ba, har kimanin mako shida. A wurinmu dare mafi tsawo a Disamba bai kai awa 13 ba, kuma ƙwan lantarki ko fitilar tsakar gida na iya ɓata lissafin. Dabarar da yarinyar nan ta yi mai sauƙi ce. Daga farkon Nuwamba takan kife kwali a kan tukunyar da ƙarfe 5 na yamma, ta ɗauke da ƙarfe 7 na safe, ta kuma rage ruwa. Sanyin daren hunturu, da kan sauko wajen digiri 15, ya cika sauran aikin. Da ƙananan kawunan fure sun bayyana sai a daina rufewa, kuma kada a ɗaga tukunyar ko a juya ta, domin canjin wuri da iska mai zafi suna sa su zube. Ni na tarar da ita da fure fiye da ashirin, masu launin hoda, suna reto kamar ƴan kunne.

Yaɗa ta ba wuya. A murɗe reshe mai gaɓa biyu ko uku, a bar shi a inuwa kwana biyu zuwa uku bakin ya bushe, a soka shi a yashi mai ɗan danshi. Wani alherinta kuma, ba ta da dafi, ba ta da ƙaya mai cutar yaro. Aibinta ɗaya ne, ba ta jure rashin mai ita. Ranar da iyalin suka fita, randuna suka bushe, rumfa ta faɗi. Da suka dawo, ƙasa kawai suka gani a tukunyar.

Kariya, ƴar gida

Kariya kuwa ba baƙuwa ba ce ga Bahaushe. Muna ganinta a tsofaffin gidaje da bakin masallatai da kan tudun duwatsu, daga Senegal har Sudan, har ƙetaren Bahar Maliya. Sunanta na kimiyya, Adenium obesum, daga garin Adan na Yaman aka ciro shi. Faransawa na ce mata rose du désert, furen hamada, Larabawan Sudan kuma suna kiranta itaciyar dafi. Ita ba kaktus ba ce, kamar yadda tinya da ƙerana ma ba kaktus ba ne duk da kamannin. Dangin tumfafiya ce. Abin mamaki, wannan itaciya da muke wucewa ba mu dube ta ba, yau manoman fure a Tailan da Taiwan sun fitar da launuka iri-iri daga cikinta, suna sayar wa duniya.

Sirrinta yana cikin gindin nan mai kama da tulu. A nan take ajiye ruwan damina. Idan rani ya yi sai ta zubar da ganye don ta rage asarar ruwa, sannan ta fitar da fure a kan rassa tsirara, a daidai lokacin da komai ya bushe. Kariyar gwaggona ruwan daminar 2024 kawai ta sha, da shi ta kai ga ranar da aka ɗauki hoton.

Ita rana take so, aƙalla awa shida a yini. A inuwa takan yi dogayen rassa marasa ƙarfi, ta ƙi fure. Babban makiyinta laka ce da ruwa. A nan mutanen Jazira ke da matsala ta musamman, domin ƙasarsu baƙar laka ce, wadda ke tsagewa da rani ta kumbura da damina ta riƙe ruwa kwana da kwanaki. Ƙasar da ta yi wa auduga da dawa albarka, ita ce ke ruɓar da saiwar kariya. Saboda haka gwaggona ba ta taɓa ɗibar ƙasar gona ba. Yashin bakin kogi take ɗauka kashi biyu, gawayi da dakakken tsingaro kashi ɗaya, tsohon takin awaki kashi ɗaya. Masu zama kusa da fadama a wajenmu su kiyaye wannan. Masu jigawa kuwa Allah ya hutar da su, rairayinsu ya wadatar idan an haɗa shi da tsakuwa.

Ruwanta ya bi yanayi. Da bazara, idan ta fara toho, a ba ta ruwa sosai duk lokacin da ƙasar ta bushe ƙarau. Da damina a ɗora tukunyar kan duwatsu ko bulo don kada ta zauna cikin ruwa, idan an yi marka kuma a janye ta ƙarƙashin rumfa. Da hunturu, idan ganye ya zube, a ƙyale ta, ko a ɗan ba ta sau ɗaya a wata. Gindinta shi ne ma'auni. Idan an matsa an ji shi da tauri, lafiya lau. Idan ya ɗan motse, ƙishi ne. Idan ya yi laushi yana wari, ruɓa ce: a tumɓuke ta, a yanke duk inda ya yi baƙi har a kai ga farin nama, a barbaɗa toka ko garin gawayi, a bar ta a inuwa mako guda kafin a sake dasawa a busasshen yashi.

Ana samun sabuwa ta hanya biyu. Ƴaƴanta kan fito biyu-biyu kamar ƙahon sa. Idan sun kusa fashewa a ɗaure su da zare, domin irin yana da gashi a kai da gindi, iska na kwashe shi. A cire gashin, a kwantar da irin a yashi mai danshi, sabon iri kan tsiro cikin mako guda ko kwana goma. Ta iri ce ke yin babban gindi mai kyau. Ta reshe ta fi saurin fure, amma gindinta kan daɗe bai kumbura ba. Idan reshe za a dasa, a bar yankan ya bushe kwana biyar zuwa mako. Duk bayan shekara biyu ko uku, a farkon bazara, a canja mata ƙasa, a ɗan ɗago gindin sama da yadda yake a da, a kuma datse dogayen rassa, domin a bakin sabon reshe fure ke fitowa. Ƙwarinta sanannu ne: darɓa mai ruwan ɗorawa da ke taruwa a toho, da wani farin ƙwaro mai kama da ɓurɓushin auduga, da wata babbar koriyar tsutsa mai cinye ganye. Tsutsar a tsince ta da hannu. Sauran kuwa ruwan sabulu kaɗan, ko ruwan dakakkun ƴaƴan dogon yaro, wato bedi, da aka jiƙa ya kwana, ya isa idan an fesa da yamma.

Gargaɗi ga iyaye

Yanzu ga maganar da ta fi duk wadda ta gabata muhimmanci. Larabawan Sudan ba su yi ƙarya ba da suka kira ta itaciyar dafi. Duk jikin kariya guba ne, saiwa da gindi da ganye da fure, kuma gubar zuciya take kamawa, ta rikita bugunta. Maharba a sassa da dama na Afirka sun daɗe suna dafa ruwanta su shafa wa kibiya, masunta kuma sun yi amfani da ita wajen kashe kifi. Wanda ya ci, alamun farko su ne tashin zuciya da amai da ciwon ciki da jiri, daga nan bugun zuciya ya ragu ko ya rikice.

Don haka gidan da ke da yara masu rarrafe ko masu kai komai baki, a ɗora tukunyar inda hannunsu ba ya kaiwa, ko a haƙura da ita sai sun yi wayo. A tsince furen da ya zube, domin launinsa na jan yaro. A nisanta ta da turken awaki da wurin kaji. Mai datsa ya sa leda a hannu, ya ware mata wuƙarta daban wadda ba ta shiga madafa, ya wanke hannu da sabulu kafin ya taɓa ido ko abinci. Rassan da aka yanke a binne su, kada a sa su a murhu, kada a yi asuwaki ko tsinken nama da su. Idan ruwanta ya shiga ido, a yi ta wankewa da ruwa mai tsabta na tsawon lokaci. Idan yaro ya tauna, a wuce da shi asibiti nan take tare da guntun shukar, kada a tsaya jiran alama, kada a tsaya ba shi madara ko manja. Haka nan duk wanda ya ce a jiƙa ta a sha don wani ciwo, kada a yarda, domin tsakanin abin da ake zaton magani ne da abin da ke kisa babu tazarar da za a iya aunawa a gida. Gwaggona ta yi rainon ƴaƴa da jikoki a gidan nan ba abin da ya sami ko ɗaya, saboda tukunyar tana bisa wani tudun bulo, kuma kowane yaro ya tashi da sanin cewa wannan ta kallo ce.

Wacce za a zaɓa?

Ba na hana kowa rainon baƙuwar shuka. Wanda yake da inuwa mai sanyi, da haƙurin kife kwali mako shida, kuma ba ya yawan tafiya, zai ji daɗin kaktus ɗin nan, ga shi babu fargabar dafi. Amma mai ƙarancin ruwa, da mai yawan tafiye-tafiye, da wanda tsakar gidansa rana ce tsantsa, kariya ce tasa, muddin ya kiyaye yara da dabbobi. Kuma kafin a kashe kuɗi wajen masu dashe, a tambayi asalin shukar: daga daji mai raɓa ta fito ko daga tudu mai rana? Amsar ita za ta nuna inda za a ajiye ta da yawan ruwan da za a ba ta.

Na tambayi gwaggona ko za su sake sayen kaktus. Ta yi dariya ta ce sai an fara tayar da rumfa an sayi randa. Kariyar kuwa ta riga ta yanki rassa huɗu ta dasa a gwangwanaye, ta raba wa maƙwabtan da suka dawo suka tarar da gidajensu fayau, kowacce ta haɗa mata da gargaɗin yara.

Allah ya zaunar da Sudan lafiya, ya mayar da waɗanda suka rage a gudun hijira gidajensu, ya jiƙan waɗanda suka rasu. Mu kuma ya tsare mana zuriyarmu, ya sa albarka a abin da muke shukawa.